Wa ke da Wuƙa da Nama a Cocin Katolika? Sharhi daga Wuse

Mai halartar Mas a cocin Holy Rosary da ke Zone 2 a Wuse ta Abuja yana zaune ne kusa da kusan kowane mataki na mulkin ɗarikar Katolika a Najeriya, ko ya lura ko bai lura ba. Fadan da ke tsaye gabansa a bagade shi ne mataki na farko. A Area 3 ta Garki akwai cocin Our Lady Queen of Nigeria, wanda ke riƙe da matsayin majami'ar Akbishop kafin a kammala babbar da ake ginawa a Kubwa. A Durumi akwai sakatariyar Majalisar Bishop-bishop ta ƙasa. A Maitama kuma ofishin jakadan Paparoma yake. Duk cikinsu babu mai nisa da kasuwar Wuse. Amma ka tambayi mabiya da dama wa ke da ikon ɗauke musu Fada, wa ya zaɓi Akbishop, wa ke duba lissafin baiko, sau da yawa amsar ba ta wuce "ai manya ne suka yi" ba.

Tambayar ta shafi kowa, har da wanda ba Kirista ba. Cocin nan yana da makarantu da asibitoci a kusan kowace jiha, bishop-bishop ɗinsa kuma suna magana gwamnati ta saurara. Ya kamata a san yadda yake mulkin kansa.

A rubuce dai lamarin ba shi da ruɗani. Kundin dokokin cocin da Paparoma John Paul na Biyu ya zartar a 1983 ya faɗi a doka ta 331 cewa ikon Paparoma shi ne mafi girma, cikakke ne, kai tsaye yake aiki, kuma ya game cocin duniya baki ɗaya. Doka ta 333 ta ce ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa. Ta 1404 ta ce babu mai yi wa kujerarsa shari'a. Babban taron Vatikan na Farko ne ya kafe wannan matsayi a 1870. Taron Vatikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, bai rage wa Paparoma komai ba, amma ya ƙara wani abu mai nauyi: bishop ba ma'aikacin Paparoma ba ne da aka tura reshe. Magajin manzanni ne, kuma a cikin dayosis ɗinsa shi ke yin doka, shi ke zartarwa, shi ke shari'a. Rabon ikon nan gida uku da muka saba ji a tsarin mulkin ƙasa babu shi a nan. Duk a hannun mutum ɗaya suke, ko da yake yana gudanar da shari'a ta hannun alƙalan coci da ya naɗa.

Wani abu da mutane ke yawan kuskurewa shi ne matsayin Akbishop. Lardin Abuja ya ƙunshi dayosis ɗin Makurdi, Gboko, Katsina-Ala, Otukpo, Lafiya, Lokoja da Idah. Sai a ɗauka Akbishop Ignatius Kaigama na Abuja ubangidan bishop-bishop ɗin waɗannan wurare ne. Ba haka ba ne. Doka ta 436 ta ba shi aikin sa ido da sanar da Roma idan ya ga ɓarna, amma ba ta ba shi mulkin gidajensu ba. Ba zai iya canja wa Fada ko ɗaya wurin aiki a Makurdi ba. Haka nan zama Kadinal ba ya ƙara wa mutum iko a kan wani bishop. Tsakanin bishop da Paparoma kusan babu kowa.

To, ta yaya mutum ke zama bishop? A nan mai karatu ɗan Arewa zai ga abin da ya sani: masu zaɓen sarki su tace sunaye uku, su miƙa wa wanda ke da kalmar ƙarshe. Doka ta 377 ta ce aƙalla duk shekara uku bishop-bishop ɗin lardi su zauna a asirce su tsara jerin limaman da suke ganin sun cancanta. Sharaɗi ne mutum ya kai shekara 35, ya kuma yi aƙalla shekara biyar da keɓewa. Idan kujera ta zama babu kowa, jakadan Paparoma ne ke bincike. Yana rubuta wa bishop-bishop da wasu limamai, wani lokaci har da mabiya da ba limamai ba, kowa ya amsa shi kaɗai a ƙarƙashin alkawarin riƙe sirri. Daga nan ya aika sunaye uku Roma tare da ra'ayinsa. Najeriya tana ƙarƙashin ma'aikatar Vatikan mai kula da shelar bishara, wadda asalinta ke komawa 1622, kuma tun 2023 ɗan Najeriya ne, Akbishop Fortunatus Nwachukwu, ke sakataren sashen da ke duba irin waɗannan takardu. Paparoma yana iya ɗaukar ɗaya daga cikin ukun, yana iya watsi da su duka. Gwamnati ba ta da ta cewa, mabiya kuma ba sa jefa ƙuri'a.

Abuja ta ci moriyar wannan tsari, kuma adalci ne a faɗa. An kafa ta a matsayin yankin mishan mai cin gashin kansa a 1981, shekara goma kafin gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a Disambar 1991. Wanda aka fara ɗora mata shi ne Kadinal Dominic Ekandem, ɗan ƙasar Akwa Ibom ta yau, Kadinal na farko daga Najeriya. Ta zama dayosis a 1989, ta zama babbar dayosis a 1994. John Onaiyekan, ɗan Kabba, ya gaje shi a 1992, ya zama Kadinal a Nuwamban 2012. Da ya cika shekara 75, ya miƙa takardar murabus kamar yadda doka ta 401 ta tanada. An kawo Kaigama, ɗan Kona a Taraba, daga Jos a Maris na 2019 a matsayin magaji mai jiran gado, ya karɓi ragama a Nuwamban shekarar. Mutum uku, daga sassa uku na ƙasa, babu ɗan asalin yankin a cikinsu, kuma ba a yi rikici ba. A birnin da Ibo da Tibi da Idoma da Gbagyi da mutanen Kudancin Kaduna ke zama benci ɗaya, da zaɓe ake yi da ƙuri'a, da ƙabilar da ta fi yawa ce za ta riƙa lashewa kullum. Naɗi daga nesa ya kare cocin Abuja daga wannan.

Sai dai tsarin nan ya taɓa cin tura a ƙasar nan, kuma shugabannin Abuja biyu suna tsakiyar lamarin. A Disambar 2012 Paparoma Benedict na Sha Shida ya naɗa Peter Okpaleke, limami daga Anambra, bishop ɗin Ahiara a ƙasar Mbaise ta jihar Imo. Wanda ya rigaye shi, Victor Chikwe, ɗan Mbaise ne, ya rasu a 2010. Limamai da mabiya masu yawa suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce Mbaise tana cikin wuraren da suka fi ba cocin Najeriya limamai, don me za a tsallake su duka a ɗauko baƙo? Suka kuma yi zargin cewa ba a bi hanya ta gaskiya wajen tace sunaye ba. Aka keɓe Okpaleke a Mayun 2013 a wajen dayosis ɗin, domin shiga ba ta yiwu ba. A wannan shekarar aka ɗora wa Kadinal Onaiyekan riƙon Ahiara daga Abuja. Shekaru suka shuɗe babu sulhu.

Ranar 8 ga Yunin 2017 Paparoma Francis ya karɓi tawagar Najeriya a Vatikan. Onaiyekan yana ciki, Kaigama ma yana ciki a matsayinsa na shugaban Majalisar Bishop-bishop. Francis ya yi magana mai zafi da ba a saba ji daga bakinsa ba. Ya ce har ya yi tunanin rushe dayosis ɗin. Ya ba kowane limamin Ahiara kwana 30 ya rubuto masa wasiƙar neman gafara da alkawarin biyayya, wanda ya ƙi kuma za a dakatar da shi. Wasiƙu kusan 200 suka isa Roma. Amma da yawa daga cikin marubutan sun nuna cewa aiki da wannan bishop zai yi musu wuya bayan duk abin da ya faru. A 19 ga Fabrairun 2018 aka karɓi murabus ɗin Okpaleke, ba tare da ya taɓa zama a kujerar da aka naɗa shi ba, kuma Paparoma bai hukunta limaman ba.

Ina ganin babu wani abu a tarihin cocin Najeriya na kusa da ya fi wannan bayyana haƙiƙanin ikon. Mutumin da doka ta ce ba a ɗaukaka ƙara a kansa ya ba da umarni da bakinsa, aka amsa masa da biyayya a takarda, amma abin da ya so bai tabbata ba. Paparoma ba shi da 'yan sanda a Imo. Abin da yake da shi yardar mutane ce, idan ta janye kuma doka kaɗai ba ta buɗe ƙofar majami'a. Wannan ba yabo ba ne ga mutanen Ahiara. Ƙin mutum don ba ɗan gida ba ne cuta ce da ta riga ta ci siyasarmu, ganinta a bagade kuma abin baƙin ciki ne. Amma ƙorafinsu a kan sirrin da ya lulluɓe zaɓen bai kamata a share shi ba. Inda ba a san yadda aka yi ba, zargi ne ke cike gurbin. Roma ta rama wa Okpaleke: ta ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia a 2020, ta naɗa shi Kadinal a Agustan 2022. Da Francis ya rasu a 21 ga Afrilun 2025, Okpaleke ne kaɗai ɗan Najeriya cikin Kadinal 133 da suka zaɓi Paparoma Leo na Sha Huɗu a 8 ga Mayu. Sauran Kadinal ɗin Najeriya, Onaiyekan, Francis Arinze da Anthony Okogie, duk sun haura shekara 80, ƙa'idar da Paparoma Paul na Shida ya kafa a 1970 ta hana su ƙuri'a.

A Arewa kuwa an ga ɗaya fuskar batun. Da aka yanki dayosis ɗin Katsina daga ta Sakkwato a Oktoban 2023, wanda aka naɗa shi ne Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi. Duk wanda ya san yadda Hausawa Kiristoci ke fama da kallon baƙi a garuruwan kakanninsu zai gane nauyin wannan zaɓi. Ke nan Roma ma ta san asali yana da tasiri. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a tilasta mata.

Majalisar Bishop-bishop da ke Durumi ita ce muryar da jama'a suka fi ji. Ita ce ta fito da kakkausar sanarwa a Afrilun 2018, bayan kisan limamai biyu da mabiya a Mbalom ta jihar Binuwai, tana kira ga Shugaba Buhari ya duba sauka idan ya kasa kare rayuka. Ita ce ta jagoranci tattaki cikin baƙaƙen kaya a titunan Abuja ranar 1 ga Maris na 2020. Amma a cikin gida ikonta kaɗan ne. Doka ta 455 ta ce ba ta kafa dokar da za ta ɗaure kowa sai a abin da aka ba ta izini, da rinjayen kashi biyu cikin uku, sannan Roma ta amince. Duk da haka, ranar da bishop-bishop suka haɗa baki, Roma kan saurara. Da Vatikan ta fitar da takardar Fiducia Supplicans a 18 ga Disambar 2023, wadda ta buɗe ƙofar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka ba a cikin ibada ba, bishop-bishop ɗin Najeriya suka ce cikin 'yan kwanaki ba za a yi haka a cocinsu ba. A Janairun 2024 Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya fitar da matsaya irin wannan da sunan bishop-bishop ɗin Afirka, bayan ya tattauna da Paparoma, Francis kuma ya bar ta ta tsaya.

A kan limamansa, ikon bishop ba wasa ba ne. Kowane Fada ya durƙusa ranar keɓewarsa ya sa hannuwansa cikin na bishop ya yi alkawarin biyayya gare shi da magadansa. Doka ta 285 ta hana limami riƙe muƙamin gwamnati, ta 287 ta hana shi shiga harkar jam'iyya sai da izini. Shi ya sa Bishop William Avenya na Gboko ya dakatar da Fada Hyacinth Alia daga aikin limanci a bainar jama'a a Mayun 2022, da ya fito takarar gwamna. Alia ya ci zaɓen Binuwai a 2023. Bishop ya iya hana shi bagade, bai iya hana mabiyan cocin jefa masa ƙuri'a ba.

Yanzu sai mu sauko inda batun ya fi damuna, wato farish, inda talaka ke haɗuwa da ikon coci ido da ido. Matar da ke sayar da kaya a kasuwar Wuse ba ta da wata hulɗa da Vatikan. Abin da ya dame ta shi ne a yi wa ɗanta baftisma, a ɗaura auren 'yarta, a binne mijinta da mutunci, a kuma san inda kuɗin bikin godiya na kaka ya shiga. Duk waɗannan a hannun Fadan farish suke. Bishop ne ke naɗa shi, doka ta 532 kuma ta ce shi ne wakilin farish a duk harkar shari'a da dukiya. Akwai majalisar farish, amma doka ta 536 ta ce shawara kawai take bayarwa, kuma Fada ne shugabanta. Akwai kwamitin kuɗi, wanda doka ta 537 ta wajabta a kowace farish, amma aikinsa taimaka wa Fada ne. A matakin dayosis ma majalisar limamai shawara take bayarwa, sai a manyan harkokin dukiya ne doka ta 1277 ta tilasta wa bishop neman amincewar kwamitin kuɗi da na mashawarta. Su ma waɗannan shi ne ke naɗa su.

Ma'anar wannan ita ce nagartar mulki ta rataya ne a kan halin wanda ke kan kujera. Idan Allah ya ba farish Fada mai tsoronsa, mai sauraro, komai sai ya tafi daidai, kuma irinsu suna da yawa, wasunsu suna aiki a ƙauyukan da ake sace su ana kashe su. Idan aka samu akasin haka, mabiya ba su da abin yi sai gunaguni a bakin ƙofa ko sauya coci. Zumuntar Mata Katolika ita ce ƙashin bayan kusan kowace farish a Arewa: su ke shara, su ke waƙa, su ke tara kuɗi, su ke ziyarar marasa lafiya. Katekis a ƙauye shi ke riƙe da jama'a makonni kafin Fada ya zo. Amma doka ta 129 ta ajiye ikon mulki ga waɗanda aka keɓe, ta ce sauran suna iya taimakawa, ta 1024 kuma ta ce namiji kaɗai ake keɓewa.

Cocin duniya ya riga ya ɗanɗana kuɗar rashin mai tambaya. Theodore McCarrick ya hau har matsayin Kadinal a Amurka alhali ƙorafe-ƙorafen lalata suna yawo a kansa shekara da shekaru, sai a 2019 aka tuɓe shi daga limanci. A Disambar 2023 kotun Vatikan ta yanke wa Kadinal Angelo Becciu ɗaurin shekara biyar da rabi a kan almundahanar kuɗi, hukuncin da ya ɗaukaka ƙara a kai. Waɗannan ba laifin mutum ɗaya ba ne kawai. Sun girma ne a inuwar al'adar da ke ɗaukar tambaya rashin ladabi. Mu kuma a nan mun haɗa wannan da namu girmama manya, har ya zama wanda ya tambayi lissafi a taro ana masa kallon ɗan tawaye.

Francis ya taɓa gyara. A 2019 ya kafa dokar da ta wajabta wa limamai da sistoci kai rahoton cin zarafi, ta kuma tsara yadda za a binciki bishop kansa, da hannun Akbishop na lardi. A 2022 ya sake tsarin ma'aikatun Vatikan ya ce wanda ba limami ba, mace ko namiji, yana iya shugabantar ma'aikata. A Janairun 2025 Sista Simona Brambilla ta zama mace ta farko da ta riƙe irin wannan kujera. A babban taron bishop-bishop na 2023 da 2024 mata sun jefa ƙuri'a a karon farko, takardar ƙarshen taron kuma ta nemi a riƙa ba da bayanin kuɗi da na aiki a kai a kai, a kuma sa majalisun shawara su yi aiki na gaske. Wasu na ganin wannan zai mai da coci majalisar siyasa. Ban ga haka ba. Babu wanda ya ce a kaɗa ƙuri'a a kan aƙida. Kuɗin gini da kwangilar makaranta da albashin katekis ba aƙida ba ne.

Abin da mabiya da yawa ba su sani ba shi ne dokar da ake da ita yanzu ma ta ba su fiye da abin da suke amfani da shi. Doka ta 212 ta ce suna da haƙƙi, wani lokaci ma wajibi ne a kansu, su faɗa wa shugabanni ra'ayinsu a kan abin da ya shafi lafiyar coci. Ta 127 ta ce inda doka ta wajabta neman shawara, hukuncin da aka yanke ba tare da an nema ba ba shi da inganci, kuma bai kamata shugaba ya saɓa wa shawarar da aka haɗu a kai ba sai da dalili mai rinjaye. Ta 1287 ta ce masu kula da dukiyar coci su ba mabiya bayanin abin da suka bayar. Daga ta 1732 zuwa gaba an shimfiɗa hanyar kai kuka: ka nemi wanda ya yanke hukunci ya sake dubawa a rubuce cikin kwana goma, idan bai yi ba ka kai gaba, har Roma. Shi ma Fada ba a cire shi daga farish da ka kawai. Akwai matakan da bishop zai bi, daga doka ta 1740.

Cocin da ke da ƙarfin halin tsayawa gaban shugaban ƙasa ya nemi gaskiya da riƙon amana, ya fi kowa cancantar nuna misali a gidansa, musamman a babban birnin ƙasa inda farish ɗaya ke cike da akantoci da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati masu iya duba littafin kuɗi. Kirana ga shugabannin cocin Abuja da na sauran dayosis ɗin Arewa shi ne su mai da karanta cikakken lissafin shekara a gaban jama'a ƙa'ida a kowace farish, su bar mabiya su zaɓi mafi yawan 'yan majalisar farish da kansu, su sa mata a kwamitin kuɗi, su kuma fassara waɗannan dokoki zuwa Hausa da sauran harsunan da ake Mas da su. Ku kuma mabiya, ku nemi dokokin nan ku karanta, ku halarci taron farish, ku yi tambaya cikin ladabi kuma a rubuce.